Baiko Ba Adashi Ba Ne: Nasiha Ga Matasan Ikkilisiya

'Ya'yana, akwai halaye biyu da duk wanda ya daɗe a cikin ikkilisiya yake gani ga matasan wannan zamani, kuma yawanci akan ɗauke su kamar ba abin da ya haɗa su. Na farko shi ne saurin buɗe hannu. A yi taron farkawa na kwana uku, a kira masu alkawari su fito gaba, sai ka ga saurayi ya miƙa albashinsa na wata ɗungurungum, budurwa ta tura kuɗin da aka ba ta na rajistar makaranta, wani ma ya ajiye wayarsa a gaban bagade. Na biyu shi ne saurin sanyin gwiwa. Bayan wata shida ko shekara, sai a nemi waɗannan matasa a sujada a rasa. Wanda aka samu kuma ya koma bencin baya, ba ya waƙa, ba ya addu'a, in an taɓo maganar baiko sai ya yi murmushi irin na wanda aka taɓa cuta. Dattawa sukan yaba halin farko su ce bangaskiya ce, su koka da na biyun su ce ja da baya ne. Abin da nake so ku duba tare da ni shi ne, sau da yawa tushensu ɗaya. Wanda ya bayar domin a mayar masa ya sa wa bangaskiyarsa wa'adi, ranar da wa'adin ya cika ba a biya shi ba, ranar za ta fara tsukewa. Wanda ya bayar domin ya san an riga an ba shi, shi ne yake iya tsayawa a shekarar da babu abin da ya dawo hannunsa. Dalilin da ya sa mutum yake bayarwa shi ne yake nuna ko zai jimre ko ba zai jimre ba.

Ba zan fara da ganin laifinku ba, domin ba ku kuka ƙirƙiro wannan koyarwa ba, tarar da ita kuka yi. Kun taso a lokacin da mutum zai gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya shekara da shekaru yana yawo da takardu, lokacin da kuɗin mota da na mudun masara suke ninkawa kafin albashi ya motsa. A cikin wannan matsi sai ga mai wa'azi a talabijin ko a Facebook yana cewa ka shuka iri na naira dubu goma, cikin 'yan makonni za ka girbi ninki ɗari. Ya jero ayoyi, ya kawo masu ba da shaida, ya ce wanda ya yi jinkiri albarkarsa za ta wuce shi. In aka tuɓe wa wannan magana rigar addini, abin da ya rage adashi ne: ka zuba, ka jira ranar kwasarka, Allah kuma ya zama uwar adashi. Adashi abu ne mai amfani a tsakanin mutane, amma kowa ya san abin da yakan faru in ranar kwasa ta zo aka ce a dakata. Amana takan tafi, zumunci ya lalace. Da yawa daga cikinku sun ga abin da ya faru a 2016, lokacin da kafar zuba kuɗi ta MMM ta yi wa jama'a alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, tana kiran zubin da sunan taimako, har ta rufe asusun mutane a watan Disamba na shekarar. Ban ce kowane mai wa'azin shuka iri ɗan damfara ba ne, wasunsu da zuciya ɗaya suka gaskata abin da suke faɗa. Amma ƙofar da ake bi a shiga zuciyar mutum a wurare biyun ɗaya ce, kuma Hausawa sun daɗe da sa mata suna da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ku dubi inda wannan hanya take kaiwa. Yaro ya ci bashi a manhajar bashi ta waya domin ya cika alkawarin da ya ɗauka a gaban jama'a. Wata ya ƙare, girbi bai zo ba, masu bashi kuwa sun fara aika saƙonnin tozarci ga duk wanda ke cikin wayarsa. Ya koma wurin wanda ya karɓi irin, sai a ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza, ko akwai zunubin da ya ɓoye, ko irin ne ya yi kaɗan, ya ƙara. Ga asarar kuɗi, ga kuma zargin kai an ɗora masa. Daga nan hanya uku akan bi. Wani ya shiga yawon majami'u yana neman inda addu'a ta fi zafi. Wani ya lallaɓa wurin boka da dare, tunda dama abin da yake nema shi ne wanda zai biya a yi masa aiki. Wani kuma ya yanke cewa Allah ya ci amanarsa, ya juya baya gaba ɗaya. Abin baƙin cikin shi ne, Allah bai taɓa ɗaukar alkawarin da ake tuhumarsa da karyawa ba, wani ne ya ɗauka da sunansa.

Mu koma ga labarin da aka fi karantawa a ranar baiko, na gwauruwar nan da ta saka anini biyu a baitulmalin Haikali, kamar yadda yake a Markus sura 12 da Luka sura 21. Abin da ta saka shi ne kuɗi mafi ƙanƙanta da ake kashewa a ƙasar a lokacin, su biyun a haɗe kimanin kashi ɗaya cikin 64 ne na ladan ɗan ƙwadago na yini guda. Yesu ya kira almajiransa ya shaida musu ta fi dukan mawadatan bayarwa, domin su daga rarar da suke da ita suka ɗiba, ita kuwa abin zaman garinta ta bayar. Yanzu ku lura da abin da labarin bai faɗa ba. Bai ce ta koma gida ta tarar da rumbu cike ba. Bai ce wani attajiri ya aure ta ba. Labarinta ya ƙare a inda hannunta ya saki kuɗin. Bugu da ƙari, da fitarsu daga wurin Yesu ya yi annabcin rushewar Haikalin, kuma a shekara ta 70 bayan haihuwarsa sojojin Roma suka rushe shi. Ginin da ta saka wa kuɗinta bai wuce kimanin shekara arba'in a tsaye ba bayan ranar. In da ma'aunin baiko shi ne abin da ya dawo wa mai bayarwa, da wannan mata ta fi kowa asara. Amma Ubangiji ya yaba mata tun kafin a san me gobe za ta kawo, domin abin da ya auna shi ne dogararta ga Allah. Ya kuma kamata ku sani cewa a ayoyin da suke daf da labarinta, Yesu ya yi kakkausan gargaɗi a kan malaman Attaura masu cinye dukiyar gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Wanda ya yaba wa matalauciyar da ta bayar shi ne ya hukunta malamin da yake tatsar matalauta. Duk wanda ya karanta muku rabin farko ya ɓoye na biyu bai yi muku adalci ba.

Shaida ta biyu tana cikin wasiƙar Manzo Bulus ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura 8 da 9, wadda ya rubuta wajen shekara ta 55 ko 56. Yana tara gudummawa ce domin matalautan masu bi na Urushalima, sai ya kafa misali da ikkilisiyoyin Makidoniya, irin su Filibi da Tasalonika. Mutane ne da ke cikin tsanani da talauci mai zurfi, duk da haka su ne suka riƙa roƙo a bar su su sa hannu, suka kuma bayar fiye da ƙarfinsu. Bulus ya bayyana sirrin da cewa sun fara miƙa kansu ga Ubangiji tukuna, sa'an nan kuɗin ya biyo baya. Dalilin da ya kafa dukan maganar a kai shi ne Almasihu kansa, wanda ya bar wadatarsa ya ɗauki talauci saboda mu. Jerin ke nan: Allah ne ya fara bayarwa, mutum ya karɓa kyauta, sa'an nan ya buɗe hannu cikin godiya. Koyarwar shuka iri ta juya jerin, ta sa mutum a gaba, Allah ya zama mai bin baya da biyan bashi. Ku kuma tambayi abin da ya sami wanda ya kai gudummawar. Bulus ya isa Urushalima da ita, a can aka kama shi, ya yi shekara biyu a tsare a Kaisariya, daga nan aka wuce da shi Roma a ɗaure. Mutumin da ya fi kowa wahala a kan wannan baiko sarƙa ya samu a ƙarshensa, bai kuwa taɓa rubuta cewa an cuce shi ba.

Na san za ku ce, to ina alkawuran? Ba Malakai sura 3 ta yi maganar buɗe tagogin sama ga masu kawo zakka ba? Ba Bulus ɗin ne ya ce mai shuka da yawa zai girbe da yawa ba? Ba Yesu ya yi alkawarin ninki ɗari ba? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma za a amsa ta da musun cewa Allah yana sa albarka ba. Yana sawa, alheri kuwa danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma kowace aya sai a karanta ta a gidanta. Malakai yana magana ne da al'ummar Isra'ila da ta dawo daga bauta tana kawo makafin dabbobi da guragu hadaya, ta bar ma'ajin Haikali wayam, alhali da zakka ake ciyar da Lawiyawa, kuma bisa Shari'a baƙo da maraya da gwauruwa suna da rabo a cikin zakkar shekara ta uku. Kira ne ga al'umma ta dawo ga amana. Bulus da ya yi maganar girbi ya faɗi amfanin girbin a wurin, wato mutum ya sami abin da zai ishe shi har ya ƙara yin ayyukan alheri. Ninki ɗarin da ke Markus sura 10 kuwa ya haɗa da gidaje da 'yan'uwa da iyaye mata, an kuma ɗaura masa tsanani a cikin jimla guda. Ba wanda yake samun uwa ɗari sai a cikin iyalin ikkilisiya. An ga cikar wannan da ido a 2014, lokacin da mutanen Michika da Madagali da Gwoza suka tsere da rigar jikinsu, masu bi a Yola da Jos da wasu garuruwa suka buɗe musu ɗakuna, Bishop Stephen Mamza kuma ya buɗe harabar babban cocin Katolika na Yola ga dubban 'yan gudun hijira. Gwauruwar Zarefat da ta ciyar da annabi Iliya ma, gari da mai ne ba su ƙare mata ba har fari ya wuce, abincin kowace rana ke nan, ba a ce ta zama attajira ba. Wanda ya taɓa neman ya sayi baiwar Allah da kuɗi a Sabon Alkawari shi ne Siman mai sihiri na Samariya, amsar da Bitrus ya ba shi kuwa ba ta da daɗin ji ko kaɗan.

Daga nan maganar jimrewa ta shigo, domin Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa masu aminci biyu za su iya samun ƙarshe daban-daban a duniya ba. A Ayyukan Manzanni sura 12, sarki Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, a sura ɗin kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Ikkilisiya ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu, ba kuwa wanda zai ce Bitrus ya fi Yakubu shuka iri. Ibraniyawa sura 11 ta jero waɗanda ta wurin bangaskiya suka rufe bakin zakuna suka tsira daga kaifin takobi, ta zarce ba tare da tsayawa ba ta jero waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, suka yi yawo a jeji da kogwanni, ta kuma shaidi dukansu da bangaskiya ɗaya. Samarin nan uku na Babila, Shadrak da Meshak da Abednego, sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wuta, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. A wannan ƙarin ne jimrewa take. Bulus ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa har sau uku ba a cire ba, alheri aka ba shi na ɗauka. Ubangijinmu da kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya miƙa kai ga nufin Uba, ya tafi gicciye. Bayan wuya sai daɗi, gaskiya ne, kuma tashin Almasihu daga matattu shi ne tabbacinmu. Sai dai ba a ba kowa ikon rubuta ranar da daɗin zai zo ba, wasu kuma sai a gaban Ubangiji za su same shi.

Ba sai kun je nesa neman misali ba, ikkilisiyar da kuke zaune a cikinta a kan irin wannan bangaskiya aka gina ta. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasa. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, ba su ga ikkilisiya ko ɗaya ta kafu ba. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900 ciwo ya mayar da shi, sai a 1902 aka kafa tashar bishara a Patigi. Daga wannan aiki ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Tun a ƙarshen shekarun 1940 masu bi 'yan ƙasa suka fara aiken masu bishara nasu, aikin da ake kira EMS a yau, kuma da kuɗin manoma da ƙananan ma'aikata da matan zumunta aka riƙe shi, mutanen da suke kawo damin dawa da kaza da ƙwai ranar godiyar kaka, su ɗebo ruwa da ƙasa su gina majami'a da hannunsu. Yawancinsu sun mutu talakawa kamar yadda suka rayu, ba su kuma ɗauka an ci bashinsu ba. Ikkilisiyar EYN kuma, wadda ta faro daga Garkida a 1923, ta sha wuta a hannun Boko Haram, masifar da ba ta bar Musulmi ba balle Kirista. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi, an ƙone majami'unta masu yawa. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda a bidiyon da masu tsare shi suka fitar ya nuna bai karaya ba, domin ya san kome a hannun Allah yake. In da baiko katangar da take hana masifa ce, da sai mu ce waɗannan bayin Allah marowata ne, ba kuwa mai hankalin da zai faɗi haka. Abin da ya riƙe su shi ne tun farko ba ciniki suka ƙulla da Allah ba.

Wani a cikinku zai ce, in haka ne me zai sa in bayar, ni da ba ni da kome? Bari in sami aiki tukuna. Ɗana, wannan shi ne kuskure na ɗaya gefen, yana kuma da haɗari kamar na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da bai saba sakin naira ɗari daga cikin dubu ba, ba zai saki dubu ɗari daga cikin miliyan ba, domin buƙata tana girma tare da samu, wani lokaci ma ta riga shi. Yesu ya koyar cewa amincin mutum a kan ƙaramin abu shi ne yake nuna yadda zai yi da babba, ya kuma koyar cewa zuciya tana bin inda dukiya take. Nan ne bayarwa take ciyar da jimrewa. Duk lokacin da ka saki abin da kake buƙata saboda Allah, ka kwana, ka tashi ka ga ba ka hallaka ba, ka koya wa zuciyarka cewa ranka bai rataya a kan abin da ke aljihunka ba. Wanda ya yi shekaru yana wannan horo a kan ƙananan abubuwa, ranar da babbar asara ta zo ba da zaɓinsa ba, zai tarar zuciyarsa ta riga ta san hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa ake so baikon ya taɓa mai bayarwa. Da Arauna ya so ya ba sarki Dawuda masussuka da shanu kyauta domin hadaya, Dawuda ya ƙi, ya biya shekel 50 na azurfa, domin bai yarda ya miƙa wa Allah abin da bai ci masa kome ba.

Wata kuma za ta ce, ai kuɗin a aljihun shugabanni yake ƙarewa. 'Yata, akwai inda hakan yake faruwa, ba kuma rashin bangaskiya ba ne mutum ya tambaya. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. Ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi amintattun mutane su raka kuɗin, domin kada a sami abin zargi a gaban Allah ko a gaban mutane. In manzo ya nemi shaidu a kan kuɗin da ke hannunsa, ba shugaban da ya fi ƙarfin a duba littafinsa. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ku halarci taron da ake karanta rahoton kuɗi, ku yi tambaya cikin ladabi, waɗanda suka karanci lissafi a cikinku su ba da kansu ga kwamitin kuɗi. Ku yi hattara da wurin da ake sa wa addu'a farashi, da wurin da ake tura baiko asusun mutum ɗaya ba mai duba shi. Amma kada zaluncin wasu ya zama muku mafakar rowa. Ga kowane mai wa'azi da ya yi kuɗi da bagade, akwai masu bishara da yawa a ƙauyuka da suke noma domin su ciyar da iyalinsu, albashinsu kuma yakan yi watanni bai zo ba. Akwai gwauraye a layinku, akwai marayu da aka koro daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa. Wanda yake son bayarwa da gaske ba zai rasa hannu mai tsabta da zai saka a ciki ba.

Sadaukarwa kuma tana da iyakokin da Littafi ya shata mata, sanin su zai kare ku daga masu matsa lamba. Abin da yake naka za ka sadaukar. Kuɗin makaranta da mahaifinka ya sayar da akuya ya ba ka amana ne a hannunka, haka jarin uban gidanka, haka kuɗin da ka ranto. Bulus ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba a kuma nufin wasu su huta wasu su shiga ƙunci. A Markus sura 7 Yesu ya tsauta wa masu cewa sun keɓe dukiyarsu ga Allah domin su kauce wa kula da iyayensu, wasiƙar farko zuwa ga Timoti kuma ta ɗauki wanda ya ƙi kula da iyalinsa a matsayin wanda ya yi musun bangaskiya. Saboda haka sayen maganin mahaifiyarka ibada ce. Ku kuma kiyayi alkawarin da ake ɗauka domin idon jama'a, a lokacin da ganga take tashi ana kiran sunaye da adadi. Hananiya da Safiratu ba a tilasta musu sayar da gonarsu ba, Bitrus ya faɗa musu cewa gonar da kuɗinta duk a ikonsu suke. Abin da ya hallaka su shi ne son a gan su kamar Barnaba alhali zuciyarsu ba ta kai can ba. Ubangiji ya koyar a yi sadaka a ɓoye. Baikon da ba wanda ya gani sai Allah yana da wuya ya rikiɗe ya zama ciniki ko neman suna.

Ga shawarata a aikace. Ku bi tsarin da Bulus ya ba Korantiyawa a wasiƙarsa ta farko, sura 16, cewa kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Ku yanke adadin a gida, cikin natsuwa da addu'a, kafin ku shiga taro. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan ko kashi ɗaya cikin goma doka ce a kan Kirista ko ma'auni ne na farawa. Ko wanne kuka bi, ku riƙe shi a watan samu da watan rashi, ku ƙara a kai in Allah ya buɗa. Wanda ba shi da kuɗi yana da lokaci da ƙarfi da sana'a: koyar da yara a makarantar Lahadi, jinyar mara lafiya a asibiti, gyara wutar majami'a, taya tsohuwa noma. Idan kuma kwanakin fari suka zo, aka yi addu'a shiru, kada ku yi ƙaryar cewa kome lafiya. Ayuba ya yi kuka, Habakuk ya yi wa Allah tambayoyi masu zafi, Zabura cike take da koke-koke, ba a kuma kira ɗayansu marar bangaskiya ba, domin ga Allah suka kai kukansu. Abin da za ku guje wa shi ne janyewa daga zumunci, gama a kaɗaici ne shakka take yin ƙarfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku nemi dattijuwa ko uwa a cikin ikkilisiya da ta binne miji ko ɗa ba ta bar bin Ubangiji ba, ku zauna kusa da ita ku saurara. Ku kuma koyi karɓa in an ba ku, domin wanda ya taimaki wani bana yana iya zama mai neman taimako baɗi, haka aka tsara jikin Almasihu.

'Ya'yana, wannan zafin zuciya da yake sa ku fito gaba ku miƙa abin da kuke da shi baiwa ce, ba na so ya huce. So nake ya sami tushen da zai ɗauke shi shekara hamsin. Kafin ku saka hannu a aljihu, ku tambayi kanku ko za ku ci gaba da ƙaunar Allah in wannan kuɗi bai dawo ba har abada. In amsar i ce, ku bayar da farin ciki, kome ƙanƙantarsa. In kun ji zuciyarku tana lissafin riba, ku dakata, ku koma ga gicciye ku dubi abin da aka riga aka biya dominku tun ba ku ba da kome ba, sa'an nan ku dawo ku bayar. Ikkilisiyar gobe a hannunku take, za ta kuwa buƙaci maza da mata da ba a sayen su da alkawarin arziki, ba a kuma korar su da wahala. Ubangiji ya ba ku hannu mai bayarwa da zuciya mai jimrewa, ya riƙe ku har ƙarshe.